Wanda Ya Zo Gyaran Motar Aba

Ban samu jana'izar Baba ba. Ƙanena ya kira ni da hantsi ya ce jiki ya yi tsanani, in taso. Ashe a lokacin har an rufe masa fuska, bai so in kama hanyar Ngigmi zuwa Diffa da wannan labari a raina ba. Da na sauka a bakin layinmu sai na ga maza suna dawowa daga maƙabarta. Ba wanda ya gaya mini komai, ban kuma tambaya ba. Daga Allah muka zo, kuma can Baba ya koma, ya riga mu.

Motoci sun cika layin, hagu da dama, duk a kashe. Direbobin Bosso sun zo da ƙaurin bandar kifi a rigunansu. Manoman Geskeru sun baro tsinkar tattasai, wasu ko ƙafa ba su wanke ba. Wani tsohon direba yana zaune a bakin tabarma yana share ido da hularsa, yana gaya wa na kusa da shi cewa Baba ya kore shi daga gareji ya fi a ƙirga, kuma kullum shi yake komawa, don ba wanda ya taɓa gaya masa gaskiyar motarsa sai shi. Baffa, ƙanin mahaifina, yana can ƙarshen rumfa shi kaɗai. An kai masa ruwa ya ƙi karɓa.

A cikin gida Iya tana kan tabarma a ƙuryar ɗaki, ta shiga takaba karo na biyu a rayuwarta. Na zauna kusa da ita, mata suna shigowa suna fita. Wata dattijuwa daga cikin dangin Baba da suka zo daga Damagaram ta kama hannuna, ta fara yi mini gaisuwa, sai ta tsaya ta tambayi Gwaggo, ƙanwar Baba, ko ni wace ce.

Gwaggo ta ce, “Agolarsa ce.”

Matar ta ce Allah sarki, ta saki hannuna a hankali, ta wuce wurin matar Yaya, babban ɗan Baba, ta ƙarasa gaisuwar a can. Ba da mugunta ta yi ba, Gwaggo ma ba ƙarya ta faɗa ba. Amma a gidan nan ban taɓa jin kalmar a kaina ba sai ranar da aka fitar da shi. Shi ya sa nake son in faɗi ko wane ne mutumin nan a wurina, tun masu sani suna da rai.

Mahaifina, wanda muke kira Aba, ya rasu a ƙarshen wata damina a farkon shekarun casa'in, ina ajin ƙarshe a kwaleji. Mu biyu ya bari, ni da ƙanwata, duk mata. Ya bar gonar tattasai a bakin kogin Komadugu ta wajen Geskeru, da wata tsohuwar Fijo mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake kira bashe. Da ita ake kwaso buhunan tattasai zuwa kasuwar Diffa, namu da na maƙwabta, da ita muke ci. Bayan rasuwarsa Kawu, ƙanin Iya, ya karɓi tuƙi.

Ɗari yana shigowa motar ta soma wani ciwo. In an tayar da ita da safe sai ta yi ta karkarwa tana tari, duk jikinta yana girgiza kamar za ta mutu. In ta yi ɗumi sai ta daidaita, ta wuni lafiya lau. Kullum abin ƙaruwa yake. Wata ranar kasuwa ba ta yarda ta tashi ba sai da rana ta ɗaga, kafin kayanmu su iso masu saye na tsallaken kogi sun cika motocinsu sun tafi. Baffa, wanda yake da kaso a gadon tunda Aba bai bar ɗa namiji ba, ya ce injin ya bi mai shi, a sayar da ita tun tana da sauran daraja. Iya tana takaba, ba ta fita. Ta aiko ni in ce a fara nuna ta ga mai gyara tukuna.

Kawu ya kai ta wani gareji kusa da tasha da tsakar rana. Mai garejin Badamagare ne, dogo, mai furfura a gemu, matarsa ta rasu ta bar masa ɗa ɗaya. Ya saurari injin yana tafiya sumul, ya rufe kapo, wato murfin injin, ya ce wa Kawu ai ya kawo masa mara lafiya ne bayan zazzaɓi ya sauka. Ya ce a mayar da ita gida ta kwana, kada kowa ya taɓa makulli, zai zo da kansa.

Washegari bayan sallar asuba ya iso kan keke, ya naɗe da wani tsohon kwat. Hazo ya taso daga kogi, ƙarfen motar duk raɓa. Kawu a gona yake kwana yana gadin injin ban-ruwa, don haka ba wanda zai murɗa makulli sai ni. Ya nuna mini abin da zan ja da abin da zan murɗa, ya ce kada ƙafata ta taɓa komai. Motar ta tashi tana rawa. Ya ce mini injin ɗaki huɗu gare shi, kowane ɗaki da bujinsa mai ba da wuta, kuma ɗaya daga cikinsu ba ya aiki, shi ya sa take ɗingishi. Ya naɗe hannu da tsumma ya cire wayar bujin farko, girgizar ta ƙaru, ya mayar. Ta biyu ma haka. Da ya cire ta uku, ko gezau, sautin bai canja ba.

Ya ce, “Ga malalacin nan.”

Kafin ya yi wani abu injin ya ɗumama, ciwon ya ɓuya. Ya goge hannu ya ce sai gobe.

Haka muka yi ta yi. Ciwon ba ya bayyana sai na ɗan lokaci kaɗan a kowace safiya, shi kuma ba ya yarda ya taɓa abu biyu a rana ɗaya, wai in ya canja biyu ta warke ba zai san wane ne mai laifin ba. Ya musanya bujin ɗaki na uku da na farko, ya ce in laifin buji ne, gobe ciwon zai bi shi ya koma ɗakin farko. Bai bi shi ba. Ya musanya wayar, nan ma ciwon yana ɗaki na uku. Iya takan aiko ƙanwata da kwanon kunu, ya sha a tsaye, ya hau kekensa, ni kuma in ɗauki jakata in tafi makaranta hannuna yana warin mai.

Daga nan ya yanke cewa murfin delko ne, abin da ke raba wa ɗakunan wuta. Ya ce ya tsage, raɓa tana shiga. Har rantsuwa ya yi. Ya sa aka sayo sabo daga tsallaken kogi, ya ɗaura da yamma. Da asuba na murɗa makulli, motar ta kama rawarta kamar ba a yi komai ba. Ya daɗe tsaye yana kallon injin. Sannan ya cire sabon ya mayar da tsohon, ya ce in gaya wa mahaifiyata ya yi gaggawa, laifinsa ne ba nata ba. Na ga kunya a fuskar babban mutum ranar nan, abin da ban saba gani ba.

A kwanakin ne Baffa ya zo ya same mu. Ya tsaya a bayansa ya ce, da Hausarsa mai nauyin Barbarci, mutane sun fara magana, namiji baƙo a ƙofar mai takaba kowace asuba, kuma gyaran ya ƙi ƙarewa. Mai gyara bai ɗago kai daga injin ba.

Ya ce, “Ciwon nan da asuba yake zuwa. In ka san yadda zan sa shi ya zo da azahar, gaya mini, ni ma in huta da sanyi.”

Washegari ya iso ya ɗora tafin hannu a kan kapo, ya ji ɗumi. Baffa ya riga shi, ya sa wani ya tayar da ita tun kafin kiran salla don mai saye ya ji ta da zafinta. Ban san mutumin yana da zuciya ba sai ranar. Ya yi jifa da tsummansa, ya faɗi maganganun da ba zan maimaita ba, maƙwabta suna leƙe. Ya hau keke ya tafi, bai sake dawowa ba.

Da aka sa ranar zaman rabon gado, Iya ta aike ni gareji. Na same shi ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai nake gani. Na gaishe shi, na faɗi saƙo. Na tsaya dai. Can sai muryarsa ta fito daga ƙarƙashi, ya tambaye ni ko Kawu yana ƙara wa motar ruwa. Na ce yana ƙarawa, duk ranar kasuwa sai ya juye mata buta guda, tun Aba yana da rai ma haka ake yi. Ya jawo jiki ya fito, ya ce me ya sa ba wanda ya gaya masa. Na ce ai bai tambaya ba. Ya dube ni, sai ya yi dariya, ya ce gaskiyata.

Da asuba ya zo, ya ce yau ba za mu tayar da ita ba. Ya kwance bujin huɗu ya jera su a kan tabarma. Uku sun yi baƙi-baƙi da hayaƙi, na ɗaki na uku kuwa tas, kamar an wanke shi. Ya ciro farin hankicinsa ya shimfiɗa a bakin ramin bujin, ya ce in murɗa. Injin ya juya bai kama ba. Ya ɗago ƙyallen, ga jiƙa a tsakiyarsa. Ya miƙo mini ya ce in shaƙa. Ba warin mai, ruwa ne zalla.

Ya bayyana mini cewa tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai wani siririn faifai da ke raba hanyar ruwa da ɗakin wuta, kuma ya ɗan ci ta wajen ɗaki na uku. Da dare in ƙarfe ya yi sanyi, ruwa yakan ɗiga kaɗan-kaɗan ya taru ya jiƙa bujin. In inji ya yi zafi, ƙarfe ya buɗe ya toshe kafar, ruwan ya ƙone, sai ta zama kamar lafiyayya. Ya ce aikin kwana biyu ne.

Ya ce, “Je ki gaya wa mahaifiyarki injin bai mutu ba.”

Na shiga da gudu. Iya ta riƙe ƙyallen nan a hannu, ta yi kukan da ban ga ta yi ba tun ranar da aka fitar da Aba. A zaman gado Baffa ya ɗauki ƙarin ɓangaren gona, motar ta faɗo cikin rabonmu. Baffa ba mugu ba ne. Ya rasa ɗan'uwansa, yana tsoron bakin mutane, kuma shi ma yana da iyali.

Duk tsawon wannan ɗari mai gyara bai ga fuskar Iya ba ko sau ɗaya. Ita ce daga baya ta ce ta san tarinsa da ƙarar kekensa tun kafin ta san kamanninsa. Sai bayan damina biyu ya aiko neman aurenta, ta hannun Kawu. Baffa ya ce ai shi dama ya faɗa. Kan wannan kalma suka yi shekaru suna gaisawa a tsaye, in an haɗu a masallaci kowa ya nemi sahunsa daban. Baba yana da riƙo, ba zan ɓoye ba. In ya yi fushi da mutum yakan daɗe, kuma bai iya ba da haƙuri da baki ba. In injin ban-ruwan Baffa ya lalace, sai Baffa ya ba Kawu ya kawo kamar nasa ne. Baba ya san injin sarai, ya gyara ya mayar, bai taɓa nuna ya gane ba. An gaya mini ranar jana'izar Baba, Baffa ne ya fara sauka cikin kabarin, da tsufansa, ya ce a miƙo masa shi.

Baba mutum ne da ya yi aure a gidan manoman tattasai alhali ƙamshinsa ma atishawa yake sa shi. In ana loda buhuna sai ya ɗaure hanci da rawani, yana atishawa yana tsine wa wanda ya fara shuka shi, dangin Iya suna dariya. Ya shekara da shekaru a Diffa amma Barbarcinsa bai wuce gaisuwa ba, ita ma a karkace, tsofaffin Geskeru sukan sa shi ya maimaita don su ji daɗi, shi kuma ya maimaita. Tsoron ruwa gare shi. In kogi ya cika, mu shiga kwalekwale, shi yana gaɓa da hannuwa a baya, yana cewa Allah bai halicci Badamagare don wannan ba. Kuma duk abin da aka kawo masa da zafi, rigimar yara ko maganar aure ko shawarar sayen fili, amsarsa ɗaya ce, a bar ta ta kwana tukuna. Shi da ya fi kowa saurin fushi.

Carbin Aba yana rataye a madubin motar. Baba ya tuƙa motar nan shekaru, ya canja mata kusan komai, bai taɓa cire shi ba. Da igiyar ta tsinke shi ya tsince 'ya'yan ɗaya-ɗaya daga ƙarƙashin kujera ya sake shirya su. Har ta tsufa aka jingine ta a bayan gareji, bai taɓa kiranta motarsa ba. In yana magana da ni sai ya ce motar Abanki. Ranar salla shi yake tasa mu gaba, ni da ƙanwata, ya kai mu gaida dangin Aba, ya jira mu a waje.

Na daɗe ina kiransa Malam. Bai taɓa gyara mini ba. Da Iya ta haifa masa ƙanena, yaro ya fara magana, gida ya cika da Baba, Baba. Wata safiya na kai masa shayi, kalmar ta fito daga bakina ban shirya ba. Ya yi kamar bai ji ba. Ya kurɓi shayin da zafinsa, ya miƙe ya fita, ya bar hularsa a kan tabarma, sai da aka bi shi da ita.

Da aurena ya zo, Baba ya ɗauka shi zai ba da ni. Ya ɗinka sabuwar riga. Baffa ya aiko cewa shi ne waliyyi, ɗiyar wansa ce. Na ce wa Iya ban yarda ba. Baba ya wuni a gareji bai ci abinci ba. Da yamma ya dawo ya kira ni zaure, ya ce Baffa yana da gaskiya, shari'a ta ba shi, kuma kada in sa mutane su ce ya raba ni da dangin ubana.

Ya ce, “Shi ya ba da ke. Ni zan kai ki.”

A wurin ɗaurin aure ya zauna a sahun baya da sabuwar rigarsa, cikin 'yan kallo. Washegari ya wanke bashe da kansa, aka loda kayana, ya sa ni gaba. Daga Diffa har Ngigmi bai ce mini uffan ba, sai in mun faɗa rami ya ce sannu. Da muka isa ya sauke kayan, ya zaga gidan mijina yana taɓa ƙofofi, ya ga wata tana ƙara, ya ɗauko mai daga mota ya ɗiga mata. Sannan ya tsaya a gabana ya ce in an ɓata mini rai kada in kwana biyu da ɓacin ran, in zo tasha in ce wa kowane direba ni ɗiyarsa ce, za a kawo ni. Ya juya da sauri ya shiga mota.

Hawan jini ne ya kama shi a shekarunsa na ƙarshe. Likita ta hana shi aikin ƙarfi, Yaya ya karɓi gareji, amma kullum sai an kai masa kujera ya zauna a bakin ƙofa yana faɗa da yadda ake riƙe sifana. Ranar da zai rasu ya yi sallar asuba, ya sha kunu, ya ce wa Iya kansa yana nauyi zai ɗan kishingiɗa. Ta shiga ta ɗauko masa bargo. Shi ke nan. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa fushinsa, ya saka masa da abin da ya yi wa marayu biyu da ba shi ya haifa ba.

Bayan addu'ar bakwai na shirya komawa. A duk shekarun aurena, in na zo ganin gida, Baba bai taɓa barina in tafi tasha ni kaɗai ba. Yakan ɗauki jakata, ya zaga motar da zan shiga, ya taka tayoyi, ya sa direba ya buɗe kapo ya tayar da inji, ya tsaya yana saurare kansa a karkace. In bai gamsu ba sai in sauko, ko da na riga na zauna, mu jira wata. Direbobi sukan yi gunaguni, ni kuma kunya ta kama ni.

Wannan karon ƙanena ya ce zai raka ni, na ce ya zauna da Iya. Na tafi da jakata a hannu, na nufi motar da ke kan layi ban ko dube ta ba. Direban saurayi ne, ban san shi ba. Ya karɓi jakar, ya dube ni, ya tambaya ko ba ni ce ɗiyar mai gareji ba. Na ce ni ce. Ya yi mini gaisuwa. Har na ɗaga ƙafa zan shiga sai ya ce in dakata. Ya zaga gaba ya buɗe kapo, ya tayar da inji, ya tsaya a gefe hannuwansa a baya, fasinjoji suna kallonsa. Ba wanda ya ce masa ya yi. Ya saurara har ya gamsu, ya rufe, ya zo ya buɗe mini ƙofar gaba.

Ya ce, “Lafiyarta ƙalau, Hajiya. Shiga.”